IN KASUWA TA FAƊI, ME ƊAN KASUWA ZAI YI?

Ina roƙon dattawanmu su yi mini gafara, domin zan sa baki cikin maganar ciniki, ga shi kuwa ban taɓa ɗaure huhun goro ba, ban taɓa raka shanu daga Paga zuwa Kumasi ba. Ni akawu ne, aikina riƙon littattafan lissafi na masu kantuna. Amma wanda ya daɗe yana rubuta shiga da fitar kuɗin mutane ya kan ga wani abu da mai dukiya ba ya gani da wuri, watau ranar da kanti ya soma mutuwa alhali ƙofarsa a buɗe, masu saye suna shiga suna fita, mai shi kuma yana hamdala.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wahalar da muka sha a 2022 da 2023. Kowa a cikinmu ya san shagon da aka rufe a unguwarsu a lokacin nan, ko a Nima ko a Aboabo, ya kuma san magidancin da ya sayar da fili ko mota don ya biya bashi. Tun da abin ya lafa, na ga ya kamata mu zauna mu yi wa kanmu lissafi kafin a sake wata, domin za a sake. Daga zamanin kakanninmu zuwa yau kasuwar ƙasar nan ta yi babbar faɗuwa sau huɗu, ban da ƙanana. In mutum ya jera su ya duba, sai ya ga hanyar kusan ɗaya ce: kuɗin da ke shigowa daga waje ya ragu, baitulmali ya bushe, Gwamnati ta ɗauki alƙalami, sa'an nan abin ya sauko a kan mai tebur na bakin hanya.

TA FARKO, ZAMANIN TURAWA

A watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York a Amurka ta rushe. Kafin shekara biyu kowane mahauci da dillali na Zongon Kumasi ya ji a jikinsa. Turawa suka rage sayen koko, kuɗinsa ya faɗi har bai kai rabin abin da a ke biya a 1927 ba. Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Zongo da koko, shi da ba shi da gona? Ruwansa babba ne. Da kuɗin koko manomi ya ke sayen nama da zane. Da shi a ke biyan leburorin da su ke gangarowa daga arewa kowace kaka, su sauka a Zongo, su ci abinci a Zongo, in za su koma su sayi riga da hula da tsarabar iyali a Zongo. Da kuɗin koko ya ƙafe sai shanu suka yi kwantai a hannun masu gida, mahauta suka kasa biyan bashin da suka ɗauka.

Gwamnatin Turawa ta tsai da ayyuka, ta sallami ma'aikata, ta nemi sa sabon haraji a 1931, mutanen bakin teku suka tayar, ta janye. Manyan kamfanoni kuwa haɗa kai suka yi. A 1929 aka gama kamfanoni biyu aka yi U.A.C., a 1937 kuma kusan dukan kamfanonin da ke sayen koko suka ƙulla yarjejeniya don kada su yi wa juna tsere wajen farashi. Manoma da sarakunansu suka rama da irin makamin: suka ƙi sayar da koko, suka ƙaurace wa kayan kantunan Turawa, tun daga ƙarshen 1937 har Afrilu 1938, sai da aka aiko da kwamitin bincike daga Ingila a ƙarƙashin Mr. Nowell. Daga baya, a 1947, aka kafa Hukumar Cinikin Koko, da niyyar ta riƙa ajiye rara a shekarar da kasuwa ta yi kyau don ta tallafi manomi a shekarar da ta ɓaci. Ku riƙe wannan niyya, za mu komo kanta.

TA BIYU, BAYAN MULKIN KAI

Sa'ad da Ghana ta sami mulkin kai a 1957 tana da ajiyar kusan fam miliyan 200 a waje. Gwamnatin Dr. Nkrumah ta shiga manyan ayyuka, makarantu da hanyoyi da tashar jiragen ruwa ta Tema da madatsar ruwa ta Akosombo, waɗanda har yau mu ke amfani da su. Amma ana cikin kashewa kuɗin koko yana ta sauka, ajiya ta ƙare, rarar Hukumar Koko ma ta bi. A watan Yuli 1961 aka karanta kasafin kuɗi mai zafi, aka ƙara haraji a kan kaya, aka sa ajiyar dole, watau a cire kashi 5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, kashi 10 daga kuɗin manomin koko. A watan Satumba ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi suka yi yajin aiki. Kafin shekara ta ƙare aka sa doka cewa ba mai shigo da kaya sai da lasin. Daga nan ciniki ya bar hannun wanda ya san kaya, ya koma hannun wanda ya san mai ba da lasin. Sukari da madara da sabulu suka yi wuyar gani. Manomin da a ke biya sule 72 a kan kaya ɗaya na koko a 1957, a 1965 sule 40 ya karɓa. A ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja suka karɓi mulki.

Abin da ya fi taɓa mu bai zo ba sai 18 ga Nuwamba 1969, ranar da Gwamnatin Dr. Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Aiki ya yi wuya a ƙasa, aka nuna baƙo da yatsa. Mutum fiye da 100,000 suka tashi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a nan, ba su san wata ƙasa ba. Masu gidaje da rumfuna suka sayar a kan kuɗin da bai kai na kwanon rufi ba. A 1970 kuma aka yi dokar da ta keɓe ƙananan cinikayya ga 'yan ƙasa. Duk gidan Zongo da ka shiga akwai dattijon da zai ba ka labarin wannan shekara.

TA UKU, KALABULE DA FARI

Ta ukun ita ce mafi tsawo. Gwamnatin Janar Acheampong ta riƙa buga kuɗi don biyan bukatunta, kaya suka yi ta tashi, har a 1977 tsada ta haura kashi 100 cikin 100 a shekara. Maganin da aka kawo shi ne ƙayyade farashi da doka. Sai kaya suka ɓace daga kanti suka ɓullo ta bayan fage, mai takardar izini ya saya a farashin Gwamnati ya sayar ninki biyar ba tare da ya ɗaga ko kwali ba. Wannan shi ne kalabule. A watan Maris 1979 aka canza takardun kuɗi, wanda ya kawo sidi 10 aka ba shi 7, abin da ya haura 5,000 kuwa rabi aka ba shi. A watan Agusta na shekarar soja suka rushe kasuwar Makola ta Ankara, aka yi wa mata 'yan kasuwa bulala a fili. A 1982 aka janye takardar sidi 50. Mutane suka tsorata da banki, suka koma ɓoye kuɗi a gida.

A 1983 abubuwa suka haɗu: fari, da gobarar daji wadda ta cinye gonaki, da 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya. A takarda dala ɗaya sidi 2.75 ce, amma ba mai samunta a haka sai mai hanya. A watan Afrilu Gwamnatin Rawlings ta juya, ta shirya da Asusun Lamuni na Duniya, watau I.M.F., a Oktoba dala ta koma sidi 30, aka riƙa sakin farashi kaɗan kaɗan. Kaya suka dawo kanti. A 1988 aka ba da lasin buɗe shagunan canji, sana'ar da a da a ke kama 'yan'uwanmu a kanta a Cow Lane ta zama halal a idon doka. Amma an biya da tsada: dubban ma'aikata aka sallama, asibiti ya koma sai da kuɗi, kayan waje da gwanjo suka durƙusar da masana'antu da teloli da yawa.

TA HUƊU, WADDA MUKA GANI DA IDONMU

Wannan ba sai na tsawaita ba. Annobar korona ta sa aka rufe iyakokin ƙasa daga Maris 2020 har Maris 2022. Bashi ya yi wa Gwamnati yawa, masu ba da rance na waje suka rufe ƙofa, yaƙin Rasha da Yukiren ya tada kuɗin mai da alkama da taki. Dala da ta ke wajen sidi 6 a farkon 2022 ta haura 14 a wurin 'yan canji a Nuwamba. A Oktoba 'yan kasuwar Ankara suka rufe shaguna don nuna fushi. A Disamba tsadar kaya ta kai kashi 54 cikin 100, Gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, ta kuma ce wa waɗanda suka ba ta rance a gida su karɓi sababbin takardu na dogon wa'adi. Tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, har da tsohuwar Babbar Mai Shari'a ta ƙasa. A Mayu 2023 I.M.F. ta yarda da rancen dala biliyan 3.

To, jama'a, wannan shi ne tarihi. Ga abin da na tsinta a cikinsa da cikin littattafan da na riƙe.

A ƘIRGA RIBA DA KAYA

Abin da ya fi kashe shaguna a lokacin tsada shi ne mutum ya ƙirga ribarsa da kuɗi. Bari in ba da misali. Alhaji ya sari shinkafa buhu 100 a kan sidi 300 kowane, jarinsa 30,000 ke nan. Ya sayar a kan 330, ya tara 33,000, ya ce ya ci ribar 3,000, ya ɗauke ta ya yi cefane da kuɗin makaranta. Ya koma sari da 30,000 ɗinsa sai ya tarar buhu ya zama 360. Abin da zai ɗauko buhu 83 ne. Ko da bai taɓa ribar ba, 91 zai samu. Watau bai ci ko kwabo ba, buhu 9 ya yi hasara tun kafin ya kai hannu aljihu. In aka yi haka sau huɗu, kowane zuwa farashi ya ƙaru da irin wannan, sai ya waiwaya ya ga buhu 48 a sito, shi kuwa kullum yana ganin kuɗi a akwati.

Maganin shi ne kada ka sa kuɗin kaya bisa ga yadda ka saya, ka sa bisa ga yadda za ka sake saya. Kafin ka buɗe shago ka tambayi farashin sari na yau. In ka sayar kada kuɗin ya kwana da yawa a hannunka, mai da shi kaya. Iyayenmu mata masu wake da shinkafa da masu koko da ƙosai sun fi mu sanin wannan ba tare da littafi ba, domin kullum su ke juya jarinsu, in wake ya tashi da safe kafin azahar sun gyara awo. Shi ya sa da yawansu suka tsira sa'ad da masu manyan shaguna suka faɗi.

Amma a lura, wuƙar tana da kaifi biyu. A 2025 sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga wajen 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan watanni. Wanda ya cika sito da kayan waje a tsohon farashi ya ga maƙwabcinsa yana sayar da sabon kaya a ƙasa da yadda shi ya sara. A irin wannan hali gara ka sayar da wuri ka ɗauki ƙaramar hasara, ka sami kuɗin sabon sari, da ka zauna kana jiran farashin da ya riga ya tafi.

BASHI

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma cinikin Zongo tun asali a kansa ya ke tsaye. Maigida ya saukar da baƙo mai shanu, ya tsaya wa mahauci lamuni, in mahauci ya kasa biya maigida ya biya daga aljihunsa, domin sunansa shi ne jarinsa. Wannan tsari ya yi mana aiki shekara da shekaru, amma an gina shi ne a zamanin da sule na bara shi ne sule na bana. Wanda ya ba da kayan sidi 10,000 bashi a Janairu 2022, kimanin dala 1,600 ya bayar. In aka biya shi a Nuwamba, ko da an biya cif, wajen dala 700 ya karɓa. Ba wanda ya cuce shi, amma fiye da rabin dukiyarsa ta tafi.

Ban ce a daina ba da bashi ba, domin wanda ya hana abokin cinikinsa na shekara 20 a ranar wuya ba zai same shi a ranar daɗi ba. Abin da na ke cewa a rage wa'adi, bashin wata uku ya koma na mako biyu. A rubuta, da rana da shaida, ko tsakanin wa da ƙane ne, addini ma haka ya umarta. A yanka wa kowane mutum iyakar abin da zai ɗauka. Kai kuma da a ke bi, in ka ga ba za ka cika alkawari ba, ka je da ƙafarka tun kafin ranar, ka kai abin da ya samu. Na ga masu sari sun ɗaga wa mutum ƙafa sau uku saboda ya zo da kansa, na kuma ga sun yanke hulɗa da wanda ya kashe waya sau ɗaya.

Rancen banki kuwa, ban da abin da malamanmu suka faɗa a kan kuɗin ruwa, lissafi kaɗai ya isa ya tsorata mutum. A 2023 ruwan da bankuna ke ɗorawa ya haura kashi 30 cikin 100. Wace haja ce za ta biya wannan, ta biya haya, ta ciyar da gida? Haka kuma wajen ajiya. A Mayu 2019 Babban Banki ya soke lasin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347, kuɗin mutane da yawa ya maƙale. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba mai yawa kowane wata kana kwance a gida, tambaye shi me ya ke sayarwa. Kada kuma ka tara duk abin da ka mallaka a wuri ɗaya, ko banki ne, ko adashi, ko takardar Gwamnati.

ALJIHUN GIDA DA YARAN SHAGO

A yawancin shagunan da na duba, akwatin kuɗi ɗaya ne da aljihun maigida. Daga nan a ke ɗaukar kuɗin cefane da gudummawar biki da na jana'iza, ba a rubutawa. Lokacin da kasuwa ke tafiya riba tana rufe ramin, in ta tsaya sai uwar kuɗi a ke ci. Shawarata ita ce maigida ya yanka wa kansa albashi kamar yaronsa, abin da ya wuce wannan ya rubuta shi bashi ne a kansa. Zumunci wajibi ne, amma in shago ya mutu ai masu zuwa neman taimako ma sun rasa wurin zuwa.

In za a rage kashe kuɗi, a fara daga sama. Na sha ganin mai kanti ya sallami yaron da ya san kowane mai saye da sunansa, don ya tsira da albashin da bai kai kuɗin man motarsa ba. Da kasuwa ta dawo sai ya ɗauki baƙo, masu saye kuwa suka bi tsohon yaron zuwa inda ya koma. Gara ka tara yaranka ka buɗe musu littafi, ka ce ga abin da ke shigowa, ga abin da zan iya biya har Allah ya kawo sauƙi, ni ma ga abin da na rage wa kaina. Yaron da aka gaya wa gaskiya ya kan yi haƙuri. Wanda aka bari cikin duhu, ga albashi ba ya zuwa, shi ne hannunsa ya kan kai ga akwati.

Sa'an nan a koya wa wani lissafin shago tun maigida yana da ƙarfi. Gidajen ciniki nawa ne a Zongo suka watse cikin shekara ɗaya bayan rasuwar mai su, saboda sunayen masu bashi da na waɗanda a ke bi duk a kansa su ke? 'Ya'yanmu maza da mata sun yi makaranta. A ba ɗaya littafi da alƙalami, ko da na kwabo ne, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana, ran Juma'a a ƙirga kaya.

IN KIƊA YA SAKE

Kakanninmu ba su zauna wuri ɗaya suna kuka ba. Da Turawa suka ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya soma barin Salga ya koma Kintampo, da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892 fatake suka bazu, zuriyarsu na nan cikin Zongunan da mu ke zaune yau. Marigayi Alhasan Ɗantata ya yi fataucin goro daga ƙasar nan, ya bar hanyar ayari ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ikko, da jirgin ƙasa ya kai Kano kuma ya shiga sayen gyaɗa. Da Yarabawa suka dasa goro a wajen Agege da Shagamu, har kasuwar Kano ta rage dogara da na Gwanja, shi ya riga ya kafa ƙafa a wata sana'a.

Mu ma a zamaninmu mun gani. Aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 kuma aka rufe iyaka, motocin albasa suka maƙale a hanya, farashi ya tashi. Wanda hanyarsa ɗaya, mai kawo masa kaya ɗaya, shi ya fi jin jiki. A lokacin matsi mutane ba su daina ci da wanka, sai dai su sayi kaɗan. Wanda ya fasa buhu ya ƙulla ƙanana, ya rage kayan ƙawa ya ƙara na masarufi, ya kan ga ciniki. In mutum biyar suka haɗa kuɗi suka yi sari tare suka ɗauki mota ɗaya, farashin da za su samu ɗayansu ba zai samu shi kaɗai ba. Amma kada mutum ya kwashi jarinsa ya faɗa sana'ar da bai sani ba don ya ji ana samu. A taɓa da kaɗan tukuna.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN GWAMNATI

Ba na magana a kan wata jam'iyya, domin cikin faɗuwa huɗun nan akwai ta Turawa, akwai ta farar hula, akwai ta soja. Abu na farko shi ne tanadi. Niyyar da aka kafa Hukumar Koko da ita a 1947 daidai ce, inda aka ɓata shi ne kashe rarar tun kafin ranar wuya ta zo. Ƙasar da ke dogara da koko da zinariya da mai, waɗanda ba ita ke yanka musu farashi ba, tilas ta yi ajiya a shekarar yalwa. Na biyu, Gwamnati ta tsare darajar kuɗi, domin buga kuɗi haraji ne da a ke karɓa daga aljihun talaka ba tare da an ba shi rasit ba.

Na uku, a yi shawara kafin doka. A 1995 aka kawo harajin VAT a kan kashi 17.5 ba tare da an fahimtar da jama'a ba, aka yi zanga-zangar Kume Preko, aka rasa rayuka, aka janye. A 1998 aka dawo da shi a kan kashi 10 bayan an yi bayani, ya zauna. A Mayu 2022 aka sa harajin kashi 1.5 a kan aika kuɗi ta waya, mutane suka koma riƙe tsaba, abin da aka tara bai kai kusa da abin da aka zata ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Na huɗu, kada a ɗora wa ɗan kasuwa ko baƙo laifin abin da ya faru a baitulmali. An rushe Makola, sukari bai sauko ba. An kori baƙi a 1969, bayan shekara biyu aka karya darajar sidi, soja suka sake karɓar mulki a Janairu 1972.

Mu kuma akwai namu. Ɓoye kaya don su yi tsada da tauye mudu haramun ne, kuma su ne su ke ba hukuma hujjar taka kowa. Mu yi wa shagunanmu rajista, mu biya haraji mu adana rasit, mu nemi katin ɗan ƙasa da takardar haihuwar 'ya'yanmu da takardun gidajenmu tun ana zaman lafiya, darasin 1969 ke nan. Mu shiga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, don in ana shawara a ji muryar Zongo. Ranar da Ministan Kuɗi zai karanta kasafi a Majalisa, galibi a watan Nuwamba, mai shago ya kasa kunne kamar yadda manomi ke duban hadari, in bai gane ba ya sa ɗansa ya fassara masa. Abin da aka faɗa a ranar game da kuɗin fito da haraji da bashi shi ne zai iso shagonsa bayan wata uku.

Ina roƙon sarakunan Zongo da limamai da shugabannin kasuwa su sa rana a kowace unguwa, a tara matasa masu sana'a, a kira waɗanda suka san lissafi su nuna musu yadda a ke riƙe littafin shago. Ni dai a shirye na ke in ba da yammacin Asabar ɗina kyauta, na kuma tabbata akwai akawuna irina da za su yi haka. Dattawan da suka ga 1969 da 1983 da idonsu su zo su ba da nasu labarin, domin sun fi ni sani. Inda na yi kuskure a gyara mini a fitowa ta gaba.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya rufa mana asiri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Naku,
Wani Akawu, Kumasi.